Ga Mari Ga Tsinka Jaka: Haɗuwar Masifu Biyu a Kan Iyakar Jibiya

Akwai wani zance na Ingilishi da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati suke yawan cin karo da shi a jaridu, musamman a shafukan da ke magana kan tattalin arziki, watau "double whammy". Ana faɗinsa ne idan masifu biyu suka auka wa mutum, ko gari, ko ƙasa, a lokaci guda. Zance ne na hira, irin wanda a da ba ya shiga takardar ofis, amma yau har manyan jami'ai na amfani da shi. Mai fassara labarai kan ce "duka biyu" ya wuce, ma'anar kuwa ta fi haka zurfi, kuma Hausa tana da abin da ya fi dacewa da ita.

Asalin zancen daga Amurka yake. Kalmar "whammy" tana nufin mugun ido, irin abin da Bahaushe ke dangantawa da kambun baka ko maita. Wanda ya baza ta a duniya shi ne wani mai zanen barkwanci da ake kira Al Capp, wanda ya yi ta buga labarinsa mai suna Li'l Abner a jaridu daga 1934 har zuwa 1977. A cikin labarin akwai wani tantiri mai mugun ido. In ya harari mutum da ido ɗaya ya jefe shi sau guda ke nan, in kuwa ya buɗe duka biyun to abin ya ninka. A zaɓen Ingila na 1992 jam'iyyar Conservative ta manna wani hoto a bangwaye, mai ɗauke da safar dambe guda biyu, ɗaya an rubuta mata ƙarin haraji, ɗayar hauhawar farashi, wai abin da jam'iyyar Labour za ta jawo wa mutane ke nan in ta ci. Daga nan Ingilawa suka ɗauki zancen, kuma da yawansu suka fahimce shi da ma'anar naushi biyu. Ido ya koma dunƙulen hannu.

Bahaushe ba ya zuba haɗuwar wahalhalu a ƙwarya ɗaya. In ya ce an yi biyu babu, ko ba tsuntsu ba tarko, yawanci akwai hannun mai abin a ciki, domin ya saki abin da ke hannunsa ne yana hangen wani, ya rasa duka. In ya ce gaba kura baya siyaki, ba a riga an ci mutumin ba, yana tsaye ne tsakanin haɗari biyu ya rasa inda zai nufa. In ya ce ana kukan targaɗe sai ga karaya, to masifun sun biyo juna ne, ta biyun ta fi ta farkon girma har ta sa an manta da ita. Wanda ya fi kusa da zancen Turawan shi ne ga mari ga tsinka jaka, kuma ya ma fi shi bayani. Mari zafi ne da wulaƙanci, ana shan sa a warke. Jaka kuwa a cikinta guzuri yake, da kuɗin mota, da abin da za a ba mai magani, da abin da za a kai ƙara gaban alƙali. Wanda aka mara aka bar masa jakarsa yana da yadda zai yi. Wanda aka tsinke wa jaka bayan marin an raba shi da abin da zai yi jinyar marin da shi. Wannan shi ne bambancin masifu biyu da suka zo tare bisa tsautsayi, da masifu biyu da ɗayarsu ke cinye maganin ɗayar.

Lissafin abin ma ba tarawa ba ne. A ƙaddara makiyayi ya saba sayar da rago ɗaya ya sayi buhun gero ɗaya. Fari ya zo, ciyawa ta ƙare, kowa ya kwaso dabbobinsa ramammu zuwa kasuwa, kuɗin rago ya faɗi zuwa rabi. Farin nan kuma shi ne ya hana gero yi, kuɗin buhu ya ninka biyu. Yanzu sai makiyayin ya sayar da rago huɗu kafin ya sami buhun da a bara rago ɗaya ya saya masa. Masanin tattalin arzikin nan na Indiya, Amartya Sen, ya gina littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa bisa irin wannan lura, cewa mutane na iya mutuwa da yunwa alhali hatsi na jibge a kasuwa, saboda abin da suke musayarsa da hatsin ne ya rasa daraja. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina ya yi bincike, ya nuna kusan haka game da manoman Arewa a littafin da ya fitar a 1983.

Daddara gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Jibiya da Magama, inda ofishin kwastan na kan iyaka yake. Daga can hanya ta shiga Jumhuriyar Nijar ta Ɗan Isa, ta zarce Maraɗi. Mutanen wannan yanki a kan ƙafa biyu suke tsaye. Da damina manoma ne, na gero da dawa da wake. In an yi kaka an ɗaure damuna sai a koma wa hanya: wani dako, wani lodi, wani acaɓa, wani kamasho a tasha, wani canjin naira da sefa, mata kuma suna dafa abincin da direbobi da yaran mota za su saya. Kasuwar Jibiya da ke ci ranar Lahadi tana tara mutanen ɓangarorin biyu. Daga kudu hatsi ke hawa, da siminti, da taki, da kayan masana'antun Kano, da man fetur. Daga arewa dabbobi ke gangarowa, da wake, da aya, da kuma kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano aka zagayo da su ta Maraɗi, irin su shinkafa da gwanjo. Wani sashe na wannan ciniki yana bi ta gaban kwastan, wani sashe kuma ta ɓarauniyar hanya, kowa ya san haka.

Zumuncin ya girmi iyakar nesa ba kusa ba. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka ja arewa, suka kafa zamansu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, har yau kuwa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Layin da ya raba ƙasashen biyu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi, suka aiko da wani kwamiti ƙarƙashin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho ya kakkafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba gonaki da dangi, amma talaka ya sami wani amfani a cikinsa da Turawan ba su yi nufi ba. Da yake an sami hukuma biyu, da haraji iri biyu, da kuɗi iri biyu, da wuya wahala ta matsa ɓangarorin biyu daidai wa daida. In Faransa ta tsananta haraji da aikin tilas sai a gangaro kudu. In ruwa ya yi ƙaranci a arewa sai samari su tafi cin rani Katsina da Kano da Zariya, su aiko da hatsi gida. In kuɗin ɓangare ɗaya ya faɗi, ɗan kasuwa ya riƙe na ɗayan. Iyakar ita ce jakar mutanen nan.

Shi ya sa shekarar 1984 ta zama abin misali. Daminar 1983 ba ta yi kyau ba, kuma a wannan lokaci ne cutar bushiya ta kashe shanu masu ɗimbin yawa a Nijeriya. Cikin watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki kaɗan a kai tsofaffin banki, ta kuma rufe iyakokin ƙasa na tudu baki ɗaya. Dalilinta a fili yake: tana so kuɗin da aka sace aka fitar waje su mutu a hannun waɗanda suka fitar da su. Sai dai nairar da ke hayin iyaka ba ta ɓarayin gwamnati kaɗai ba ce. Akwai ta mai sayar da akuya, da ta ɗan cin rani da ya koma gida da abin da ya tara, da ta fatake. Ana cikin haka damina ta zo ta ƙi, farin 1984 ya zama ɗaya daga cikin mafiya muni da yankin Sahel ya gani a ƙarnin da ya wuce. Mutumin Maraɗi ya rasa amfanin gona, ya juya kudu inda ya saba neman mafita ya tarar da ƙofa a rufe. A 1985 aka sake korar baƙin da ba su da takardu daga Nijeriya, bayan korar da aka yi a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 1986, a mulkin Janar Ibrahim Babangida.

Hausawa kan raɗa wa yunwa suna, kuma sunan kan faɗi abin da mutane suka riƙe game da ita. Ta 1914 ana ce mata Kakalaba. Ta 1942 ana ce mata 'Yar Gusau, sunan da ke nuni ga garin da aka riƙa nufa neman hatsi. Ta 1984 kuwa mutanen Nijar El-Buhari suka kira ta. Ba wanda ya zaci shugaban wata ƙasa ne ya hana ruwan sama sauka. Fari sun san shi, kakanninsu sun sha shi. Abin da ya tsaya musu a rai shi ne rufe hanyar.

Bayan shekara talatin da biyar abin ya juyo kan mutanen kudancin layin. Da ma a daren 15 ga Yuli 2018 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sa kogi ya yi ambaliya a garin Jibiya, mutum fiye da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. Wannan mari ne mai zafi, amma hanya na buɗe, kasuwa na ci, dangi na kawo gudummawa daga ɓangarorin biyu. A daidai waɗannan shekaru kuma ta'asar 'yan bindiga, wadda ta tsananta a Zamfara, ta bazu cikin ƙananan hukumomin Katsina da ke makwabtaka da daji, irin su Jibiya da Batsari da Safana. Satar shanu ta zama satar mutane don neman kuɗin fansa, gonakin da ke nesa da gari suka gagari nomawa, dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. Ƙafar noma ta raunana, nauyin gida ya koma kan ƙafar hanya.

Ranar 20 ga Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu, don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da fitar da man fetur mai rahusa. A watan Nuwamba hukumar kwastan ta ƙara da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Wannan doka ta biyu ba ta bambanta mai jarka da ke nufin Ɗan Isa da mai injin niƙa ko mai injin ban-ruwa da ke zaune a garinsu ba. A Disamba ta 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, watau Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Jibiya ba ta ciki. Ita sai a watan Afrilu na 2022 aka buɗe ta, bayan wata talatin da biyu. A tsakanin haka, a ƙarshen Agusta 2021, gwamnatin Jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta kafa dokar ƙuntata wa 'yan bindiga: aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, aka hana sayar da mai a jarka, sa'an nan a watan Satumba aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya, na tsawon watanni. An yi haka ne don a yanke wa ɓarayin daji abinci da mai da labari. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa, shi ma ya wayi gari ba ya iya sayar da tunkiyarsa, ba ya kuma iya kiran ɗansa da ke Legas ya turo masa wani abu.

Ba daidai ba ne a ɗauka waɗannan matakai ba su da hujja. Shinkafar waje tana karya manomin shinkafa na Kebbi da Jigawa. Bindigogi na shigowa ta dajin da ba shi da shinge. Man da gwamnati ke biyan tallafi a kansa a wancan lokaci an riƙa kwashe shi ana sayarwa a ƙasashen makwabta, ribar ta shiga aljihun 'yan kaɗan. Kowane mataki in an ɗauke shi shi kaɗai ana iya kare shi a gaban kowace majalisa. Inda gizo ke saƙar shi ne kowanne daga ofis dabam ya fito. Fayil ɗin shinkafa na hannun kwastan, na man fetur na wata ma'aikata, na tsaro na gidan gwamnatin jiha, na kuɗi na Babban Banki, kowane jami'i kuma yana auna nasa matakin ne kamar sauran al'amura suna nan yadda suke. Ba a tebur ɗin kowa fayilolin ke haɗuwa ba, sai a gidan mai acaɓa na Daddara. Aikin gwamnati an tsara shi ne ma'aikata-ma'aikata, kuma ba a cika samun wanda aka ɗora wa alhakin tambayar abin da ya riga ya sami mutanen wuri kafin sabuwar takarda ta isa gare su ba.

Shekarar 2023 ta tattara abin cikin 'yan watanni. A farkonta canjin takardun naira na 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, wanda ya fi cutar da kasuwannin ƙauye inda ciniki hannu da hannu ne, banki kuma ya yi nisa. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, darajarta ta faɗi ƙwarai. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki, kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka sake rufe iyakar Jibiya, wata goma sha biyar kacal da buɗe ta. Nijeriya ta kuma yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan wutar da ƙasar ke amfani da ita a lokacin. Manyan motoci suka yi dogon layi a bakin iyakokin Arewa, kayan gwari na ruɓewa a cikinsu.

Janye tallafin mai shi kaɗai ya ishi misali, domin a kan iyaka kaifi biyu gare shi. Ga mutumin Kaduna ko Ibadan tsada ce kawai: kuɗin mota ya hau, kuɗin abinci ya bi shi. Ga matasan kan iyaka da suka dogara da bambancin farashin mai tsakanin ƙasashen biyu, wannan tsada ta zo tare da raguwar ribar sana'arsu. Ko da an ce sana'ar haramtacciya ce a doka, kuma haka ne, kuɗinta ne ke zagayawa wurin mai shayi da mai faci da mai awo. Faɗuwar naira ma haka take. Tana tsadar da duk abin da aka sayo da sefa, tana kuma arahar da geron Nijeriya ga mai riƙe da sefa, ya zo ya saya da yawa, tiya ta ƙara tsada ga wanda ya noma geron ya sayar da kaka, ya dawo saye da bazara. A Janairu na 1994, sa'ad da aka rage darajar sefa da rabi, mutanen hayin ne suka ɗanɗana irin wannan.

Ma'aikacin gwamnati ba ya tsira don yana da albashi. Albashi adadi ne tsayayye, farashi kuwa yana tafiya, kuma malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da ke irin waɗannan garuruwa shi ne wanda dangin da suka baro ƙauye ke sauka a gidansa. Bakunan da yake ciyarwa na ƙaruwa a watan da kuɗinsa ke sayen abin da bai kai na da ba.

ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024. Nijeriya ta ba da umarnin buɗe iyakarta ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe tata bayan kwana tara. A ƙarshen Janairu na 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, al'amarin da ya sa zirga-zirgar mutane da kaya ta koma dogaro da fahimtar juna tsakanin gwamnatoci fiye da yarjejeniyar da aka saba da ita. Akwai kuma titin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu na 2021, aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Amma rufe iyaka da buɗe ta ba su da nauyi ɗaya a gidan talaka. Rufewa na aiki ne tun ranar da aka yi sanarwa. A watannin da suka biyo baya magidanci kan fara da rage awo, sa'an nan ya sayar da akuyoyin matarsa, sa'an nan babur ɗin da yake acaɓa da shi, daga ƙarshe ya jinginar da gona. Ranar da aka ɗaga sandar kwastan a Magama motoci sukan ci gaba da wucewa ta Daddara kamar da, shi kuwa sai ya nemi wanda zai ba shi babur haya, ya riƙa kawo masa balas kullum da yamma.